Sunan da Ta Kira a Bakin Kogi

A shekarun nan kafin yaƙi ya rufe komai, duk ranar Alhamis da la'asar nakan ajiye ɗinkina, in yafa tob ɗina mai ruwan ƙwai, dogon mayafin nan na matan ƙasar, in biya wa goggona mu tafi kallon wasan kwaikwayo a bakin kogi, nan Omdurman. Gidan wasan ba shi da rufi. Kujerun baya masu araha su ne namu. A nan muke haɗuwa da matan unguwar Mayo masu tallar gyaɗa, da makanikan unguwar Shajara waɗanda sabulu bai gama cire musu baƙin mai a farce ba. Duk saboda mace ɗaya muke zuwa.

Ita ce tauraruwar wasan, kuma tamu ce. Hanyar Makka ce ta ajiye kakanninta a ƙasar nan, kamar namu. Da Larabci take wasa kamar kowa, amma da ta fito dandamali sai ta ɗaga ido can baya ta ɗan rusuna, irin rusunawar da ake yi wa iyaye a gidajenmu. 'Yan gaba ba sa lura. Goggo kuwa sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin ta Hausa, mu kuma mu ji kamar an ce gidan wasan gadonmu ne.

Wasan labarin wata mai wanki ne da kogi ya cinye mata 'ya. Tauraruwarmu ce uwar, a ƙarshe takan tsaya a gaɓa tana kiran sunan yarinyar har muryarta ta dushe. Na kalle shi ban san iyaka ba, kuma kullum da jiƙaƙƙen gyale nake komawa gida.

Sai tauraruwar ta fara fashi. Wani mutum mai farar jallabiya zai fito gaban labule ya ce a yi haƙuri, tana da uzuri. Wata yarinya kyakkyawa ta maye gurbinta, ta yi ƙoƙari, amma ba ta san akwai mutane a kujerun baya ba. Mako na gaba tauraruwar ta zo, na gabansa babu ita. Haka aka yi ta yi har zafi ya shigo.

"Hajja, saki hancinki, yau ma babu," in ji wani makanike mai gemu da ke zama bayanmu.

"Kai dai je ka wanke hannu kafin ka yi mini magana," in ji Goggo.

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Mutane sun bar aikinsu, sun sha cunkoson gada, an ba su wata. Wasu suka ce talabijin ta ƙasashen Larabawa ce ta ɗauke mata hankali. Wata mai gyaɗa, yarinya mai kaifin baki, ta ce kunyarmu ta fara ji, guɗar Goggo ce ke tona mata asali. Ni kuwa, da littattafan soyayya na Kano na koyi karatun boko, waɗanda wani ɗan kasuwa ke kawo wa mahaifina, don haka na tabbata masoyi ne. Har kamanninsa na zana a raina: dogo, mai furfura a gefen kunne, yana jiranta a ƙarƙashin bishiya a gaɓar kogi.

Mai shayin bakin ƙofa ce ta faɗa mana cewa daraktan ya gaji. In ta ƙara fashi, zai miƙa wa yarinyar wasan gaba ɗaya. Ranar Goggo ba ta shanye shayinta ba.

"Mu a gidanmu in an daina ganin mutum, zuwa ake yi a duba shi," ta ce. "Gobe ki dama kunun gyaɗa."

Da hantsi muka hau mota zuwa gidanta a unguwar Sahafa, ni da Goggo da mai gyaɗar, wadda ta ce sai ta faɗa mata gaskiya ido da ido. Tauraruwar ta tarbe mu da fara'a, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Goggo, ta kira ta Inna. Ta kunna turare, ta soya bunni ta haɗa mana gahawa, ta kwaikwayi tafiyar daraktan har muka riƙe ciki. Da Goggo ta tambayi dalilin fashin, sai ta ce, "Hidimar gida ce, Inna." Ta sauya magana.

Daga ɗakin da ke gefe muna jin nishi. Ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya.

Yayarta ce ta raka mu bakin hanya. Goggo ta tsaya ta dube ta. "Wa ke kwance?"

Yayar ta ce 'yar tauraruwar ce, ta faɗi sunanta. Ta ce ciwon ƙoda ne, ana kai ta wankin ƙoda a asibiti, amma jikin kullum baya yake yi. "'Yar fari ce, Inna. Kin san yadda muke. Tun da ta haife ta bakinta bai taɓa kama sunanta ba. Ba za ta tsaya gaban maza ta ce 'yata ba lafiya ba. In babu baƙi, can take wuni tana matsa mata ƙafa. Ranar da jikin ya tashi kuma, yaya za ta hau dandamali tana kiran 'ya matacciya, tata na kwance?"

A mota mai gyaɗar ta ce, rabi Hausa rabi Larabci, wannan wace irin al'ada ce, uwa tana dariya 'yarta na nishi. Goggo ta ce, "Ba ki haihu ba tukuna." Ta juya fuskarta taga. A nan na tuna Goggo ma tana da ɗan fari da ya rasu tun suna gonakin auduga a Jazira, kuma ni har na girma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kafin mu sauka ta gargaɗe mu: abin da uwa ta rufe, ba mu ne za mu buɗe ba.

Haka muka zauna a kujerun baya muna jin ana zaginta, bakinmu a rufe.

'Yar tata ta rasu a cikin makon. Mun je gaisuwa, muka tarar da uwar idonta a bushe, tana zagawa da butar gahawa kamar rasuwar maƙwabta ce. Bayan sadakar bakwai, ranar Alhamis, labule ya buɗe sai ga ta. Ta ɗaga ido baya ta rusuna. Goggo ba ta yi guɗa ba.

"Yawwa Hajja, gara ta ji a jikinta," makaniken ya raɗa.

Wasan ya tafi daidai har ƙarshe. Iska tana kaɗowa daga kogi, fitila ɗaya ta rage a kanta. Ta tsaya a gaɓar da aka yi da shuɗin ƙyalle, ta buɗe baki, ta kira suna. Ba na 'yar mai wankin ba. Sunan da yayarta ta faɗa mana a bakin hanya ta kira. Da farko a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ba ta taɓa ci ba, sannan da ƙarfi, ta maimaita, ta sake maimaitawa, hawaye na bin wuyanta.

'Yan gaba suka fara kallon juna, sun ɗauka mantuwa ta yi. Da fitila ta mutu suka tafa duk da haka. Goggo ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ɗaga tafukanta biyu yadda ake yi a gidan makoki, ta ce, "Fatiha." Mai gyaɗar ta juya ta faɗa wa makaniken magana a kunne. Shi ma ya miƙe ya ɗaga hannaye. Maganar ta bi layi daga kujera zuwa kujera, har duk bayan ya miƙe, hannaye a sama, babu mai tafi.

Da 'yan wasa suka fito gaisuwar ƙarshe, babu ita a cikinsu. Daraktan bai kore ta ba. Ita da kanta ta bar wa kyakkyawar yarinyar nan wasan, ba ta ƙara hawa dandamali ba.

Mun ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, don mun saba da juna. Makaniken ya riƙa saya wa Goggo shayi, ta riƙa ce masa ya wanke hannu. Hannunta dai bai sake zuwa hancinta ba. Wata Alhamis muna tafiya gida ta bakin kogi, ta tsaya tana kallon ruwa, leɓunanta na motsi. Na matsa gaba kaɗan don kada in ji.