Zazzaɓin Ɗan Fari

Ranar da ɗana na fari ya kwanta da zazzaɓi, maigida yana kasuwar Maigatari. Ƙaninsa ne ke gida, ya zo hutu daga jami'a da abokinsa. Tun hantsi suke zaure suna zana ɗigo da layuka a ƙasa, suna gardamar yadda injinsu, wai kwamfuta, zai gane hanya ta zagayo inda ta faro.

"Ka sa wa kowane ɗigo alama in ka wuce mana!" in ji abokin.

"Haka ka ce bara, gwani, injin ya wuni yana zagaye," in ji ƙanin mijina.

A garinmu uwa ba ta nuna damuwa kan ɗan fari. Na kai musu ruwa, na kai fura, bakina ya ƙi buɗuwa. Da yaron ya fara karkarwa, sai kawai na ɗora wa ƙanin mijina shi a cinya.

"Amarya, wannan wuta tun yaushe?"

Nan da nan ya saɓa shi, muka fita bakin hanya. Motar hatsi ta kai mu asibitin Gumel, aka yi masa allura. Da zufa ta karyo masa, na jingina da bango, ko mayafina na kasa gyarawa.