Ƙugiyar Tanko Mai Baibaya

Da bazarar nan wana, Tanko mai baibaya, ya cika shekara goma sha ɗaya a kabari. Ban yi niyyar rubuto wa jarida komai ba. Ni tela ne a kasuwar Rogo, boko kuwa da furfurata na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, har yanzu alƙalami ya fi mini allura nauyi. Amma akwai wata magana da na faɗa a kansa a bainar jama'a, na gaji da dakonta, kuma abin da ya faru a unguwarmu wata biyu da suka wuce ya hana ni ci gaba da yin shiru.

Yaya Tanko ba shi da rawani. En'e, hukumar sarki, ba ta san da zamansa ba, sunansa bai taɓa shiga takardar hakimi a Ƙaraye ba. Sana'arsa yanta ciyawa da baibaye jinka, daga Rogo har Kurugu da Kwanyawa ana aiko masa. Sai dai duk ranar da aka yi kururuwar gobara a garinmu, shi ido yake nema. Ya san ciyawa, ya san wadda take ci a hankali da wadda take tashi lokaci guda, ya san bunu na shekara uku ba ya jiran sallama. Yana da wata doguwar gora da maƙeri ya ɗaura wa ƙugiyar ƙarfe a kai. In ka gan shi ya saɓo ta, to ka san yau wani zai kwana yana kallon taurari.

Abin da ya fi ba mutane haushi da shi shi ne ba ya gudu. Kowa na sheƙawa a guje, shi kuwa sai ya tsaya, ya zari ɗan bunu ya saki, ya ga inda iska ta kai shi. Daga nan ya hau katanga ko bishiya ya dubi garin daga sama. Sai ya sauko sannan zai buɗe baki, kuma in ya buɗe ba ya son jin wata murya bayan tasa, ko ta mai unguwa ce. Yakan ce gobara ba ta tsoron taro, baki ɗaya take tsoro.

Farkon abin da yake yi, tsofaffin mata yake tarawa ya tura su gida gida. Ya lura maza kan tsaya cirko-cirko a zaure suna jin nauyin shiga gidan wani, matan kulle kuma suna ciki suna tattara kwanuka. Tsohuwa ba ta da wannan nauyin, za ta shiga ta fito da mace da goyonta ko da zagi ne. Sai an ƙirga rai an kwance dabbobi sannan a yi maganar kaya. Ruwa kuwa, a bazara kowa ya san halin rijiyoyinmu, guga goma ka ji ya fara kankarar ƙasa. Don haka ba ya yarda a zuba ko ƙwarya ɗaya a ɗakin da ya riga ya kama. Yakan jera mutane daga bakin rijiya, tulu na bin hannu, a jiƙa zana da tabarmi a shimfiɗa kan jinkar maƙwabta. Wasu ya tsayar da su can baya da ɗanyen ganye suna jiran tartsatsi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, shi kuwa sai ya ce a fara da gemun wanda iska ta nufa.

Sai aikin ƙugiya, wanda shi ne ya jawo masa baƙin jini. Yakan bar wa wuta gida biyu, ya je na uku wanda ko hayaƙi bai taɓa ba, ya sa a kwantar da danga a ja ta gefe, ya tuge jinkokin ya zubar. In wuta ta cinye abin da aka bar mata ta iso, sai ta tarar da fili, ta yi ta lasar ƙasa har ta mutu. Wahalar wannan dabara ɗaya ce. In ta ci, ba wanda zai ga abin da ta hana. Mai gida na uku dai zai ga ɗakinsa a buɗe, ya ga wuta ba ta taɓa shi ba, ya kuma san hannun da ya yi masa ɓarna.

Ni ma na zama mai gida na uku, a shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin duniya a ƙasar Bama. Bayan azahar ne man ƙuli-ƙuli ya kama a wani gida gabas da mu, iska kuma tana busowa ta wajenmu. Matata Hajara tana jego, kwananta tara da haihuwa. Tsofaffi suka fito da ita da jaririn. Ina tsaye a ƙofar gida na hango Yaya ya nufo ni da gorarsa da mutum shida a bayansa. Na ce, "Yaya, akwai fa gida biyu tsakaninmu da ita." Ya ce, "Kauce, Sule." Kafin in sake magana jinkar Hajara tana ƙasa. Wuta ta ci gidajen nan biyu, ta iso inda dangata take a da, ta rasa abin kamawa. A bayan gidana kuwa rumbunan rabin unguwa ne a jere, cike da gero da gyaɗar iri.

Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba asarar jinka ce ta ƙona mini rai ba. Mutanen da suka hau katanga sun leƙa ɗakin matata, sun ga abin da ke ciki: gadon kara, tabarma mai ƙofofi, ƙwarya uku, shi ke nan. Ni kuwa ina yawo cikin gari da riga mai aska ina hura hanci, ana cewa tela ya samu. Na ji mata suna ƙus-ƙus. Na ga Hajara ta rufe fuska da zane. Kunya ce ta kama ni, na rasa inda zan sauke ta, sai na sauke a kan ɗan'uwana.

Washegari da hantsi aka taru a ƙofar dagaci don jaje da shirya labarin da za a aika Ƙaraye. Na miƙe a gaban kowa na ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi Tanko. Wuta ba ta iso gidana ba, don me ya tuge mini jinka? Ai mai baibaya in aiki ya yi masa ƙaranci ya san yadda zai samo shi." Sai wani ya yi dariya daga bayan taro. Na ga waɗanda ya taɓa tuge wa jinka a shekarun baya suna gyaɗa kai. Dagaci ya daka mini tsawa, ya ce wa Yaya ya yi magana. Yaya ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarsa ne. Ba ta iso ba."

Magana zarar bunu ce. Da baƙo ne ya faɗa da an ce hassada, amma uwa ɗaya uba ɗaya ne ya faɗa, wa zai musa? Kafin kasuwa ta sake ci labarin ya kai Kurugu. Yaya ya zo da ciyawarsa da igiyarsa ya baibaye mini ɗakin cikin kwana uku, bai sha ko ruwan gidana ba. Da ya gama ya jingine gorar nan a zaurena ya tafi. Daga ranar bai sake ba da umarni a gobara ba. In an yi kururuwa yana fitowa, ya shiga layin tulu kamar kowa, ya miƙa wa na gabansa. In aka ce, "Tanko, ina za mu tare ta?" sai ya ce shi mai baibaya ne.

Shekara uku ya yi bayan haka. Tari ya kama shi, wanda na tabbata hayaƙin shekaru ne, ya yi ta cinsa har ya kwanta. Muna gaisawa duk tsawon lokacin, ina kai masa goro, yana tambayar ɗana. Ranar da jiki ya yi tsanani na durƙusa na ce ya yafe mini, kamar yadda kowa ke faɗa wa mai jinya. Ya ce ya yafe, ni ma in yafe masa. Na daɗe ina lallashin kaina da wannan. Amma a ɗaki na nemi gafara, mu biyu, a hankali, ban ma ambaci laifin ba. Zargin kuwa a ƙofar dagaci na yi shi da babbar murya, kuma yana nan inda na ajiye shi.

Wani lokaci ina kan keke ina ɗinki sai in ce, da Yaya zai leƙo Rogo yau me zai ce? Zai ga masu cinikin gyaɗa sun fara rufin kwano, ya yi murna, don bai taɓa ƙaunar ciyawa yadda mutane suka zata ba. Zai kuma ga kwanon a tsakiyar jinkoki da dangogin kara, ga garwar kananzir a ɗaka kusa da murhu, ga ashana a hannun kowa. Lungunan da ya yi ta faɗa a bar su a buɗe tsakanin gidaje duk an toshe su da harawa da kara. Waɗanda suka je birni suna ba mu labarin motar 'yan kwana-kwana mai ƙararrawa da dogon bututu. Allah ya sa alheri. Kafin ta ji labarinmu ta kamo hanyar Rogo, mun gama kwashe toka mun fara karɓar jaje. Yanzu kuma zamanin siyasa ne, kowa ya iya magana, a gobara ma mutum goma ke ba da umarni goma. Ina jin ba zai ce komai ba, zai zari bunu ne ya ga inda iska ta nufa.

Wata biyu da suka wuce wuta ta tashi a unguwarmu da rana tsaka. Ban san lokacin da na ɗauko gorar daga zaure ba. Na saki bunu, na hau katanga da tsofaffin gwiwoyina, na ga komai sarai kamar Yaya ne ke nuna mini. Gida na uku na Idi mahauci ne. Na isa da mutum huɗu, na ɗaga ƙugiya har ta taɓa ciyawa. Idi ya sha gabana ya ce, "Malam Sule, kai ma baibayar ka koma?" Ba da wasa ya faɗa ba, kuma Idi yaro ne da bante ranar da na yi waccan magana. Gadonta ya yi. Na waiwaya na ga mutanen da ke bayana sun sunkuyar da kai. Na sauke gorar.

Wuta ta ci gidan Idi, ta tsallaka ta ci shida a bayansa, har da rumbunan iri, ga damina a bakin ƙofa. Ba a rasa rai ba, tsofaffin mata sun yi aikinsu ba tare da kowa ya aike su ba, wannan ɗaya dai ya zauna a garin. Amma na tsaya da ƙugiya a hannu ina kallon abin da na san yadda za a hana. Ranar na san nauyin abin da Yaya ya yi shekara ashirin yana ɗauka. Ba wutar ce abin tsoro ba. Mai gidan ne, da idonsa, da abin da zai faɗa gobe a ƙofar dagaci. Yaya ya san za a faɗa, yana kuma tugewa. Ni sau ɗaya aka gwada ni na kasa. Kuma tunda ya jingine gorar nan ba a sami wanda ya tuge jinka da ita ba, don kowa ya ga ladan da aka biya shi, ya kuma ga wanda ya biya.

Me ya rage na Yaya Tanko? Jinkokin da ya baibaye duk sun ruɓe an sake su. 'Ya'yansa mata ne, suna gidajen aurensu a Kwanyawa. Akwai mutane a Rogo da suka ci tuwon geron da ya tsare, suka girma, suka yi 'ya'ya, ba su san da haka ba, kuma ba yadda za a nuna musu, don ba a nuna gobarar da ba ta faru ba. Sai gora ɗaya da ƙarfe mai tsatsa, sai kuma ƙaryar da na yi masa, wadda ta fi duk aikinsa tsawon rai.

Na san jaridar nan tana zuwa Rogo ranar kasuwa, kuma akan karanta ta a ƙofar dagaci. Ina roƙon wanda ta faɗa hannunsa, don Allah ya ɗaga murya in ya zo nan, yadda na ɗaga tawa. Ni Sule tela, ƙanen Tanko, na yi wa ɗan'uwana ƙazafi. Bai taɓa tuge jinkar kowa don neman aiki ba. Wuta ba ta iso gidana ba ne saboda shi ya riga ta isowa. Yawancin waɗanda suka ji ni a wancan hantsi sun bi shi, to 'ya'yansu su ji.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa kabarinsa ya fi inuwar damina sanyi. Gorar tana zaurena. Duk wanda ya ji zai iya, ya zo ya ɗauka, ba sai ya yi sallama ba. In kuma wata rana iska ta sake nufo gidana, kada ya tsaya jin ta bakina.