Moɗar da aka ɗaura wa jan zare

Assalamu alaikum. Tun rasuwar Malam Sani, mijina, ban sake rubuta komai a nan ba. Masu tambayata ta saƙo, ku gafarce ni. Sai yau na iya.

Ranar da na gane abin da ake zato a kaina, na je wurin randa ne shan ruwa. Sai na tarar da moɗa biyu, ɗaya an ɗaura mata jan zare a hannu. Na miƙa hannu ga ɗayar, Yaya Haddo, yayar Malam, ta ce, "Mariama, taki ga ta can."

Na sha da mai zaren.

Lokacin ina cikin takaba a gidanmu na Filinge. Malam ya yi jinyar hanta, ya rame ƙwarai kafin Allah ya karɓi abinsa. Bayansa ni ma na kama zubewa. Hannu na rawa, zuciya na bugawa ko ina zaune, ga gumi kamar na dawo daga gona.

Abin da ya fi ba mutane tsoro shi ne ina ci. Maƙwabta su kawo tuwo, su kawo fura, in cinye, in sake jin yunwa. Mace na ci tana ramewa, mijinta kuma a rame ya mutu. Ba wanda ya kira sunan ciwon a gabana, amma na san wanda suke nufi.

Ni ma da nawa zargin. Na ce ko a cikin abincin gaisuwa aka sa mini wani abu. Duk kwanon da ya shigo sai na tambayi daga wane gida.

Na so zuwa asibiti, tsofaffi suka ce mai takaba ba ta fita.

Sai wata safiya Yaya Haddo ta haɗa kayan ɗiyata Nana, ta ce za ta tafi da ita gidanta na Bonkuku. "Har ki ji sauƙi. Ɗiyar ƙanena ce, ita kaɗai ya bari." Nana ta riƙe mini zane, aka ɓamɓare hannunta a hankali.

Ina fita takaba ƙanena Isufu ya kai ni asibitin Filinge. Aka gwada jini, ba a ga ciwon da suke zato ba. Na kira Yaya Haddo na faɗa mata. Ta ce, "To mi ke cin ki?"



Na sayar da tunkiyata a kasuwar Lahadi, muka hau mota zuwa Yamai. Can wata likita ta auna tsawona da nauyina, ta ce in dawo da safe ban ci ba, ban sha shayi ba, ban ci goro ba. Wai za ta auna yawan abincin da jikina ke ƙonewa ina kwance ba na komai.

Ban yarda da ita ba. Na ce wa Isufu wannan dabarar cin kuɗi ce, ina aka taɓa auna mutum da kwanciya?

Da safe aka kwantar da ni, aka kawo wani abu kamar ƙwarya, ana gani ta cikinsa, da tiyo a jiki, za a kife mini a fuska. Na tashi zaune na ce, "Madam, ke fara shiga in gani."

Ta yi dariya, ta kifa a nata kan, ta yi numfashi. Ta ce, "Hajiya, ba ya ba ki komai. Iskar da kika shaƙa da wadda kika fitar kawai yake aunawa."

Na kwanta. Ba motsi, ba magana, ba barci. Miƙe, hannu a gefe, fuska a rufe. Haka na ga Malam gani na ƙarshe. Hawaye na shiga mini kunne, ban share ba don kada in ɓata awon.

Da aka gama ta ce jikina na ƙona abinci fiye da yadda ya kamata ga mace mai tsawona da shekaruna, kamar murhun da aka cika wa itace. Ta taɓa wuyana, ta tura ni wani gwajin jini. Ashe wata tsoka ce a maƙogwaro, inda maƙoƙo ke fitowa, take aiki fiye da ƙima. Na tambaya sau biyu ko ana ɗauka. Ta ce a'a. Ko sa mini aka yi? A'a.

Aka ɗora ni kan magani kullum. Da wancan awon ta tsara mini ci: kaɗan-kaɗan amma sau da yawa, wake, ƙwai, nono, gyaɗa, kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli. Ta faɗa mini nauyin da za mu nema, a hankali.

Na koma an sake awon. Wutar ta ragu, ta rage mini yawan cin don kada in wuce. Hannuna ya daina rawa, zanena ya zauna. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Isufu da likitar nan. Allah ya jiƙan Malam.

'Yan uwa mata, in kina ci kina ramewa, je a duba ki, kada ki tsaya zargin kwanon maƙwabta. Ko kina takaba, tambayi malami, ni daga baya aka ce mini ciwo lalura ne, da na sani da na fita. Kuma kada ku ware wa mai makoki moɗa a kan zato.

Na kwance jan zaren moɗar nan da hannuna.

Na kira Yaya Haddo na yi mata bayani duka. Ta ce sai ta gan ni da idonta, bayan girbi.

An girbe hatsi. Har yanzu Nana na Bonkuku, ba a maido mini ita ba.