Ƙullin Dawuda Kabo

Dawuda Kabo bai taɓa kama kifi ba. A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife shi, kan dutse, kuma ko an kai shi bakin teku a Shu'aiba ba ya fita daga mota. Amma duk mai fatsa a unguwarsu ya san ƙofarsa.

Shekara talatin ya yi yana dako a Mina, yana ɗaure kayan alhazai a saman motoci, kuma yakan rantse ko buta ba ta taɓa faɗowa ba. Da bayansa ya ƙi, sai ya koma ƙulla wa masu zuwa teku ran Juma'a zaren fatsa. Yakan jiƙa ƙulli da yawu, ya ja a hankali, sannan ya rataya masa jarkar ruwa don gwaji. Sunansa ke nan a gari: ƙullinsa ba ya zamewa.

Bara Talal, wani maƙwabcinsa mai aiki a kantin magani, ya kawo masa wata igiya ruwan ɗorawa, mai santsi kamar taliya. Da ita ake wurga ƙugiya mai gashin tsuntsu, kifi ya zaci ƙwaro ne. Kunne yake so a yi mata a baki, inda zai zura siririn zare.

"Ya Ammi," in ji shi, wato Baffa, "mutum biyu sun gwada a Jidda, ya zame. In ba za ka iya ba, kalas, ba komai."

"Ajiye ka tafi," in ji Dawuda.

Sau huɗu jarka tana faɗuwa. A na huɗu ta fashe ta jiƙa tabarma. Matarsa Ruƙayyatu ta leƙo.

"Malam, teku ce ta biyo ka gida tunda ka ƙi zuwa?"

Dawuda ya gyara zama. Ya lanƙwasa bakin igiyar, ya kwantar da ƙusa a gefe, ya naɗe su da zare sau bakwai, ya zare ƙusar, ya bi raminta da bakin zaren. Ya yi haka wuri uku. Wata jarkar da ya rataya ta yini tana lilo.

Ran Juma'a bayan la'asar Talal ya dawo fuska a murtuke. Wani ƙaton kifi ya ja shi har gwiwa cikin ruwa, sandar fatsa ta karye biyu, siririn zaren ya tsinke, kifi ya yi gaba.

"Igiyar fa?" in ji Dawuda.

Talal ya miƙa masa. Kunnen yana nan, ko motsi bai yi ba.

Dawuda ya fita ba takalmi. Ya nuna wa mai shayi, ya nuna wa mai wanki, ya tare liman a ƙofar masallaci ya sa shi ya ja da hannunsa. Talal na biye da shi da guntayen sanda.

"Ya Ammi, kifina fa ya tafi."

"Allah ya raka shi," in ji Dawuda, yana dariya har da tari. "Wa ya rage bai gani ba?"