Yadda Na Sa Hoton Yayana a Jikin Kwalbar Giya

Assalamu alaikum. Ina roƙon Edita ya buga wannan labari ba tare da sunana ko sunan garinmu ba, saboda iyalin mutumin da na cuta suna nan zaune a garin har yanzu.

A lokacin da abin ya faro ina cikin shekaru talatin da ɗoriya. Ina da mata da 'ya'ya, ina da digiri a fannin sarrafa abinci, kuma ina ɗaukar kaina mutum mai hankali wanda ya san inda zai tsaya. Ni ɗan gidan malamai ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a bakin hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu da rani. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu maza biyu. Yayana, wanda ya ba ni shekaru masu yawa, shi ya gaji makarantar allo da limancin masallacin unguwa da gonar tudu da ta rani. Ni kuwa boko aka sa ni, kuma da shinkafa da tumatir ɗin da yake nomawa ya riƙe karatuna har na gama. Ɗan boko yake kirana, cikin wasa da alfahari. Duk abin da ya shafi zamani, daga maganin feshi zuwa allurar yara, ni yake tambaya, abin da na gaya masa kuma shi yake gaya wa jama'a.

Na samu aiki a wani kamfani da ke sayen dawa yana mayar da ita tsiro, wato a jiƙa ta har ta tsira, a busar, a sayar wa masu haɗa abin sha. Yawancin masu sayenmu masu yin lemon malt ne wanda ba ya sa maye, da wannan na kwantar da hankalina. Sai dai a waɗannan shekarun ƙananan gidajen haɗa giya sun fara buɗewa a Legas da Abuja. Ba manyan masana'antu ba ne. Ɗaki ne guda da 'yan tukwanen ƙarfe, a hannun matasa masu ilmi da ke son yin giya da hatsin ƙasarmu, kowa da irin salonsa. Su ma suka fara sayen tsironmu, kuma da yake ni na karanci abin, ni aka sa in riƙa zagaya su ina jin ƙorafinsu. Ban ce a'a ba. Na gaya wa kaina cewa ni hatsi na sani, abin da wani ya yi da hatsi tsakaninsa ne da Ubangijinsa.

A gida na farko da na shiga, mai wurin, mutum mai fara'a da ladabi, ya yi ƙorafin cewa tsironmu yana barin wani tsami a ƙarshe, ya kuma ce ba zan gane abin da yake nufi ba sai na ɗanɗana. A nan na yi wa kaina fatawa. Na tuna karatun da na yi a gaban yayana, cewa mai azumi yana iya taɓa miya da harshe don ya ji gishiri, muddin bai haɗiye ba. Na manta, ko dai na ƙi tunawa, cewa ita miya tun asali halal ce. Na kurɓa, na juya a baki, na tofar. Mutumin ya yi dariya, ya ce na yi rabin aiki ne kawai, domin ɗacin giya sai tana wucewa ta maƙogwaro ake jin gaskiyarsa. Na daɗe ina tofarwa, ina jin kaina a matsayin wanda ya tsare addininsa a tsakiyar fitina. Ranar da na fara haɗiyewa kuwa ba zan iya tuna ta ba, kuma wannan rashin tunawar yana cikin abubuwan da suke tsorata ni idan na waiwaya.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba: ban taɓa faɗuwa a kwata ba, ban taɓa tangaɗi a titi ba. Da hakan ta faru, wataƙila da na farka da wuri. Abin da ya kama ni shi ne gwaninta. Sai a jera mini ƙananan kofuna a kan katako, in bi su ɗaya bayan ɗaya, in ce dawar wannan kaura ce, ta wannan farafara, wannan an gaggauta busar da tsironta. Akwai mai sa zoɓo a tasa, akwai mai tsamiya, akwai mai citta da zuma. Suka fara cewa ba su taɓa ganin mai harshe irina ba, ni kuma daɗin yabon ya fi mini daɗin abin da ke cikin kofin. Na koma ƙirƙirar tafiye-tafiye. Duk inda na ji an buɗe sabon gida sai na nemi dalilin zuwa. A hanyar dawowa, da zarar mota ta wuce Zariya, sai in sayi goro in tauna, in ɗauko hulata daga jaka. Ban taɓa kurɓar ko ɗigo a ƙasar Kano ba, kuma a wautata har lada nake ganin ina da shi a kan haka.

Dawar yayana ta fi ta kowa kyau. Yana barin ta ta bushe sosai a kara, ba ya sussuka a kan ƙasa, ba a samun tsakuwa ko ɗaya a buhunsa. Ɗaya daga cikin masu haɗa giyar ya gwada tsironta ya ce ita kaɗai yake so, kuma zai saya da daraja idan za a ware masa. Na kawo wa yayana maganar a matsayin alheri daga kamfani. Muna zaune a zaure bayan la'asar ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗan boko, wannan dawa tamu ina take zuwa? Ka san ni mutane za su tambaya." Na ce masa lemon malt ake yi da ita da garin kunun yara. Ya ce, "Babu barasa a ciki?" Na ce, "Babu, Yaya." Ya ce shi ke nan, hakan ya ishe shi. Washegari ya sanar da manoman unguwa, da yawansu suka shiga. Wani dattijo ya ce shi fa ya ji ana cewa masu giya ne ke bin dawa a ƙauyuka, yayana ya amsa masa a gaban mutane cewa ya tambayi ƙaninsa, kuma ƙaninsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ina wurin. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka kunyar yabo nake ji.

Haka muka yi damina bayan damina. A wata kaka na ɗauki hoton yayana da waya, yana tsaye a gona da rawaninsa, riƙe da zangarniya, yana murmushi. Su waɗannan ƙananan gidajen suna da wata al'ada da ta bambanta su da manyan kamfanoni: suna alfahari da faɗin inda kowane hatsi ya fito, da wanda ya noma shi. Da mai sayen dawar ya roƙe ni hoton gonar, sai na tura masa wannan, ina jin daɗin ya ga irin gidan da na fito. Ya tambaye ni ko manomin ya san abin da ake yi da dawarsa, na ce ya sani. Shi a ganinsa girmamawa zai yi. Ya sa aka buga hoton a takardar da ake liƙa wa kwalba, da sunan garinmu a ƙasa, ya kuma yaɗa a shafukansa na intanet.

Wani ɗan garinmu mai sayar da kayan gwari a Abuja ne ya fara gani. Daga wayarsa hoton ya shiga wata, kafin labari ya iso gare ni ya riga ya zagaya kasuwar Bunkure. Na kira mai giyar, ya ba ni haƙuri cikin mamaki, ya cire, ya daina bugawa, amma abin ya riga ya fita daga hannunsa. A gida kuwa, masu shayi suka laƙaba wa yayana limamin kwalba. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga makaranta. Manoman da suka bi maganarsa suka zo ƙofar gida suna tambayar matsayin abin da suka ci suka ciyar, da zakkar da suka fitar, har da wanda ya sauke farali da kuɗin dawar. Sahu ya riƙa raguwa a bayansa, har wata rana ya ce wa na'ibinsa ya shiga gaba, shi ya koma baya. A duk wannan bai ambaci sunana ba. Abin da kawai yake cewa shi ne shi ya ce musu halal ce, don haka nauyin yana wuyansa.

Na yi ta jan ƙafa kafin in zo, ina fakewa da aiki. Da na zo na same shi a gonar rani yana ba alkama ruwa, ƙafafunsa cikin taɓo, fartanya a hannu. Na tsuguna a kan kunyar gona na gaya masa komai, tun daga kurɓar farko. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai ma kana sha?" Na ce ina sha. Ruwa ya cika kwamin da yake shayarwa ya fara malala, bai tare ba. Can ya ce, "Wannan ya fi mini hoton ciwo." Da na ce zan tashi a masallaci in faɗi gaskiya, sai ya hana ni. Ya ce Inna, mahaifiyarmu, tana fama da hawan jini, kuma ɗa ɗaya da ake zagi ya ishe ta. Kada in ƙara mata na biyu. Na bi umarninsa. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau shi ne, a cikin zuciyata daɗi na ji da ya hana ni.

Na ajiye aikin, na daina sha, kuma barin bai zo da sauƙi ba, domin na daɗe ina jin ƙamshin abin a hancina ko ina cikin salla. Inna ta rayu wasu shekaru tana ganin babban ɗanta yana salla a sahun baya, ta koma ga Allah ba ta san ni ne sanadi ba. Bayan an share makoki na miƙe a masallaci na faɗi duk abin da na aikata. Na zaci za a tsine mini a wanke shi. Sai ga dattijon nan da ya taɓa yin gardama ya kama hannuna yana sa mini albarka, wai samun ƙanin da zai ɗauki laifin yayansa ya ɗora wa kansa sai an tona. Wasu suka ce ai duk garin nan babu wanda ya taɓa ganina da ko alamar maye, alhali hoton Malam kowa ya gan shi da idonsa. Na rantse, suka ce rantsuwar ma ta zumunci ce, Allah zai yafe mini. Na ƙware wajen ɓoye kaina har na rasa mai shaidar laifina a ranar da nake buƙatarsa.

Yayana bai sake shiga gaba ba har ya kwanta ciwon ajali. Ina gefensa ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ya kuma roƙe ni in riƙe masa yara. Ina riƙe da su iyakar ƙarfina. Amma a watannin baya an nemi auren 'yarsa ta ƙarshe, yarinya mahaddaciya, magana ta yi nisa, sai wani ya tura wa dangin yaron tsohon hoton nan. Suka aiko da haƙuri, suka janye. Ta zo ta same ni ta ce, "Baba, da gaske mahaifina ya sani?" Na gaya mata gaskiya tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, ta yi mini godiya cikin ladabi, kuma na gani a idonta cewa ita ma ba ta san ko ta yarda da ni ba.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yau ina da shekara hamsin, kuma na yi ta tambayar kaina a ina na fara ɓata. Ba a kan kofi ba ne. Na ɓata ne ranar da na yi amfani da ɗan karatun da nake da shi na buɗe wa kaina ƙofar da na san a rufe take, na kira sha'awa da sunan aiki. Ina jan hankalin 'yan'uwana da aka tura karatu da gumin wasu, waɗanda mutanen gida ke tambaya su yarda ba tare da bincike ba: amsar da za ka bayar ba a bakinka za ta tsaya ba, wani mai mutunci ne zai ɗauka ya faɗa da nasa bakin, kuma shi za a kama. Idan ba za ka iya faɗin gaskiya ba, ka ce ba ka sani ba, ka bar shi ya bincika. Idan kuma ka riga ka yi ƙaryar, ka warware ta tun ana iya yarda da kai. Ni na tuba, ina kuma kyautata wa Allah zato. Amma mutumin da ya yi mini komai yana kwance a maƙabartar garinmu da sunan da ni na jawo masa, kuma duk wanda na gaya wa gaskiya sai ya ce Allah ya saka mini da alheri.