Hannatu da Allurar Wata-wata

Hannatu 'yar Zonkwa ce, aure ya kawo ta Haɗeja a 1983. Mijinta Irmiya malamin gona ne, ita kuma tana koyar da ɗinki a wata makarantar 'yan mata. A coci an san ta da murya, ita ke ba da waƙa a zumuntar mata.

Bayan ta haifi 'yarta Lami, kanta ya taɓu. Ta daina barci, tana jin ana kiran sunanta daga bakin kogi. Irmiya ya kai ta asibiti a Kano, aka ɗora ta a kan ƙwayoyi da allurar wata-wata. Muryoyin suka tafi, ta koma aiki, kowa ya ce an gode Allah.

Amma sha'awa ta ɗauke mata ƙaf. Idan mijinta ya kusance ta, ba ta jin komai sai bushewa da zafi. Al'adarta ta tsaya, nono kuma bai daina zuba ba, ko da yake ta daɗe da yaye Lami. Likita yakan tambaye ta ko tana barci, ko tana cin abinci, ta ce i. Sauran ba ta san da wane baki za ta faɗa wa namiji ba.

Maƙwabciyarta Yagana, mai sayar da turaren wuta, ta haɗa mata tsimi. Ta sha har ta gaji, shiru.

Wata rana Irmiya ya ce, "Maman Lami, in na yi miki laifi ki faɗa mini."

"Ba ka yi mini komai ba."

"To me ya sa kike gudu na?"

Ta sunkuyar da kai. Da aka nemi wanda zai koma Guri wajen manoman shinkafa, shi ya fara miƙa sunansa. Da damina ruwa kan shanye hanya, sai a daɗe ba a gan shi ba. Hannatu ta riƙa zama ita kaɗai a kan keken ɗinkinta, tana ɗinka kayan auren 'ya'yan mutane. Ta ɗauka Allah ne ya cire mata son mijinta.

Sai a 1994, a layin karɓar allura, wata mata daga Kaugama mai suna 'Yar'azumi ta matso ta ce a hankali, "Baiwar Allah, ke ma maganin nan ya kashe miki jiki?"

Hannatu ta fashe da kuka. Ranar ta daure ta faɗa wa likita. Ya ce maganin yakan yi wa wasu mata haka, ya rage allurar, ya canza ƙwayoyin. Bayan 'yan watanni al'adarta ta dawo, jikinta ma ya ɗan farfaɗo.

Ta shiga mota ta je Guri da kanta ta gaya wa Irmiya. Ya cire hularsa, yana juya ta a hannu.

"Da na sani, da ban taho nan ba," in ji shi.

Bai nemi a mayar da shi Haɗeja ba, ya riga ya saba da zaman can. Yakan zo ƙarshen wata da busasshen kifi, su yi hira a tsakar gida kamar wa da ƙanwa, ranar Litinin ta raka shi tasha.