Jinin Gidansu

Mijina ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan. Ya rasu da damina, ya bar ni da ɗa guda mai shekara shida da gonar citta a ƙauyensu. Ban gama cire baƙaƙen kaya ba magana ta fara yawo cewa yaron ba nasa ba ne. Wai ya cika haske, wai hancinsa irin na Alhajin da ke zuwa sayen citta ne. Matar yayan mijina ce ta fara sakin zancen a zumuntar mata ta majami'a, mijinta kuma ya ɗauka ya kai gaban dattawan ikkilisiya. A gidansu gona ta ɗa namiji ce. In yarona ba nasu ba ne, gonar ta koma hannun yayan, ɗana kuma ya tashi ba uba ba dangi.

An fara da gwajin tsofaffi. Suka tuɓe wa ɗana riga a tsakar gida, wata ta ja kunnensa, wata ta ƙirga yatsun ƙafarsa kamar za su sayi akuya. Yaron yana ta kallona. Daga ranar na daina yi wa yayan mijina addu'ar alheri, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Tsofaffi suka rabu biyu, sai yayan ya ce a je asibiti. Ya ji a rediyo cewa yanzu Turawa na gane uban yaro ta jini. Mai gwajin jini ya yi mana bayani cewa wancan sabon gwajin, DNA, sai an aika jini Ingila. Abin da yake iya yi a nan shi ne duba rukunin jini, shi kuwa ba ya nuna wane ne uba, sai dai wani lokaci ya nuna wanda ba uba ba. Na miƙa masa katin asibitin marigayi, inda aka rubuta rukuninsa.

Yayan bai saurari ko rabin bayanin ba. A tunaninsa jinin gida ɗaya iri ɗaya ne, kamar irin dawa. Ya naɗe hannun riga, ya jawo babban ɗansa, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai.

"Ka ɗiba nawa, ka ɗiba na yaron nan," ya ce. "Shi ne jinin gidan mu na gaskiya. Sai ka gwada da na ɗan matan nan, kowa ya gani."

Ba wanda ya roƙe shi, da ƙafarsa ya kawo kansa.

Ranar Lahadi bayan sujada aka taru a gindin mangwaron majami'a. Fasto ya buɗe ambulan ɗin sakamakon gwajin, ya jujjuya takardun, haruffan suka sha masa kai. Ya ce, "Malama, ke ce kin yi koleji a Gidan Waya, ki karanta mana."

Na karɓa. Mijina B, ɗana B, babu abin da ya hana shi zama ɗansa. Sai idona ya sauka ƙasa. Yayan AB, babban ɗansa O. Na koyar da wannan darasi a aji har na gaji da shi. Uba mai AB dole ya ba ɗansa A ko B, ba ya haifar O.

Ina iya karanta layi biyun farko in ninke takardar. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma na ɗaga kai na ga matar yayan tana gyara ɗankwali tana murmushi, sai na aika a ɗebo min gawayi.

A jikin bangon majami'a na zana musu komai, a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na maimaita har tsohuwar da ta ja kunnen ɗana ta gyaɗa kai. Da na zo layin ƙarshe na juya wajen yayan na ce, "Baba, ɗana dai bai fita daga gidanku ba. Amma akwai wanda takarda ta fitar, kuma ba ni na haife shi ba."

Matarsa ta miƙe, zaninta na kwancewa, ta bi ta bayan gidan fasto. Saurayin ya tsaya yana kallon bangon kamar zai ga sunansa a ciki. Shi kaɗai na tausaya wa, bai taɓa min komai ba. Amma ƙarya zan yi in na ce ban ji sanyi a raina ba. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Gona ta zauna a hannun ɗana. Matar ta koma gidan iyayenta wajen Gwantu, saurayin ya tafi Kaduna koyon kanikanci, ko Kirsimeti ba ya zuwa.

Bayan wasu shekaru yayan ya same ni a makaranta lokacin hutun tara. Ya rame, hularsa a hannu. Ya ji akwai wani likita a Legas da ke karɓar jini ya aika Ingila.

"Matan mu, ki taimake ni ki rubuta masa da Turanci," ya ce. "Wataƙila wancan na Kafanchan kuskure ne. Ni na goya yaron nan. Ina so ya dawo gida."

Na san amsar da za ta dawo daga Ingila. Kalma ɗaya ta isa in ce masa ya bar takarda, ya je Kaduna ya kamo hannun ɗansa kawai. Ya tsaya yana jira, idonsa ya kaɗa.

Na yago takarda daga tsakiyar littafi, na ce, "Zauna, Baba. Faɗa min cikakken sunan yaron."